Mai Lallashin Leza

Sharaɗi ɗaya Manaja ya kafa ranar da Auta ta roƙe shi ya bar ta ta riƙa zuwa wurin aiki da mahaifinta.

"Ya zo," in ji shi. "Ya zauna, ya sha shayinsa, ya yi gyangyaɗi in ya ga dama. Amma ranar da hannunsa ya taɓa wani abu a kan teburin can, to ranar ya gama zuwa. Kin ji ni?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Ko da cewa ya yi ta riƙa share ma'aikatar kullum da safe, da ta ce ta ji. Tun rasuwar mahaifiyarta tsufa ya fara wasa da kan Baba. Ya ajiye abu ya manta, ya kira ta da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da barin duniya. Wata rana ya fita sayen batir, aka tsince shi a wata unguwa yana tambayar hanyar gidan da suka tashi tun Auta tana goye. Sai Yaya, babban wanta da ke aiki a wani gari, ya ɗauki wani mutum ya riƙa zama da shi, aka kuma fara kulle ƙofar gida. Mutumin ba mugu ba ne. Amma Baba ya daina magana. Ya juya kujerarsa ta fuskanci bango, abinci sai an yi ta fama kafin ya kai loma baki, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Wata safiya mai zama da shi bai zo ba, dole ta sa Auta ta tafi da shi. Suna shiga ɗakin gwaji, sanyin ɗakin ya buge shi, ga ƙamshin dalma, ga injuna suna gunji ƙasa-ƙasa. Baba ya tsaya cak. Ya ɗaga kai ya shaƙi iska, ya bi tebur da kallo har idonsa ya sauka kan tarin wayoyin da ke bayansa.

"Wane ne ya ɗaure waɗannan wayoyin?" ya ce. "A kore shi."

Dogo ne ya ɗaure su, abokin aikinta, kuma yana tsaye a wurin. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Auta kuwa juyawa ta yi kamar tana neman wani abu a cikin kabad, don rabon da ta ji magana mai kai da gindi daga bakin mahaifinta har ta manta.

Irin wannan ɗakin gidansa ne tun kafin a haife ta. Ya ƙare ƙuruciyarsa a wata ma'aikatar awo, inda ake auna abin da ido ba ya iya gani da hasken leza. Leza fitila ce, sai dai haskenta ba ya bazuwa kamar na fitilar ɗaki, zare ɗaya ne miƙaƙƙe. Ga ta da saurin fushi. Zafi kaɗan, girgiza kaɗan, sai haskenta ya fara rawa, awo ya lalace. Aikin Baba shi ne ya sa ta natsu. Baba Saiti ake ce masa, don in leza ta gagari kowa shi ake kira, ya zo ya ɗan taɓa noti da yatsu, ta kwanta. Dokar farko da yake koya wa duk sabon ma'aikaci kuwa ita ce, kada ka yarda hasken leza ya komo cikinta. Duk madubin da ke gabanta, a ɗan karkatar da shi. In haskenta ya dawo mata, haukacewa take yi.

To, Auta haukan take nema.

Ma'aikatarsu tana ƙera wani akwati mai fitar da lambobi barkatai, waɗanda babu mahalukin da zai iya hasashen wacce za ta biyo baya. Da irinsu ake kulle saƙonnin banki da bayanan marasa lafiya a asibiti, yadda ɓarawo ba zai buɗe ba. Kwamfuta ba ta iya wannan aikin da kanta, don duk abin da ta fitar lissafi ne, wanda ya gano lissafin kuwa ya gano lambar gobe. Shi ya sa suka dasa ɗan madubi a gaban leza, suka saita shi daidai yadda zai mayar mata da haskenta. Sai ta rikice, hasken ya yi ta hawa da sauka babu tsari. Wani ido na lantarki yana kallonsa, in ya hau ya rubuta ɗaya, in ya sauka ya rubuta sifili, cikin saurin da hankali ba ya kamawa. A kan allon da ke gefen tebur, hasken yana fitowa kamar zanen yaron da aka ba biro ya samu bango.

Aka ajiye wa Baba kujera kusa da ƙofa. Kullum Auta ta sa masa tabaran kariya, don hasken wannan lezar ido ba ya ganinsa, amma yana iya ƙona ido. Ta ajiye masa filas ɗin shayi a ƙasa. Ba ya riƙe sunan Dogo, sai ya raɗa masa nasa.

"Kai, Falwaya, kauce, ka tare min allo."

"Baba, ni fa injiniya ne, da takarduna."

"Takardun ne suka ɗaure wayoyin can?"

"Ai na sake ɗaure su, Baba."

"Na gani. Da can sheƙar ɓera ce, yanzu ta zama ta tsuntsu. An ci gaba."

Ya dawo cin abinci. Ya dawo yi wa masu tuƙi faɗa a hanya. Da safe kafin Auta ta gama shiri, yana bakin ƙofa da takalmi a ƙafa. Abu ɗaya ne kawai ta lura, in ya kalli allon nan sai goshinsa ya tattare, yatsunsa su riƙa motsi a kan gwiwarsa kamar yana murza wani abu. Ta ɗauka ba komai ba ne.

Sai madubi ya fara zamewa. A makon da suke tara lambobin da za a aika wa wani banki ya gwada, Dogo ya dawo daga cin abincin rana ya tarar zanen kan allo ya kwanta, ya zama layi ɗaya shiru. Ya gyara. Washegari haka. Ya zargi na'urar sanyaya ɗaki, ya zargi manyan motocin da ke wucewa a titi, har ya sa roba a ƙarƙashin ƙafafun tebur. Manaja ya shigo ya ce masa, a gaban kowa, shi ya ɗaura madubin nan, in ɗaure noti ma ya gagare shi sai ya faɗa. Babu wanda ya waiwayi tsohon da ke bakin ƙofa, don a lokacin abinci barci ake barinsa yana yi, haɓa a ƙirji, Auta ta tsallaka titi ta sayo musu abin da za su ci.

Ranar da ta gane, wayarta ta manta a kan tebur, ta juyo daga bakin titi.

Kujera babu kowa. Baba yana tsaye a gaban tebur, ya sunkuya, hannun hagu a bayansa, yatsu biyu na dama a kan notin madubi. Hannun da ke rawa in ya ɗauki kofi, yanzu ko gezau. A kan allo zanen yana raguwa, yana raguwa, har ya miƙe sumul. Ya ɗago ya gan ta. Fuskarsa ta washe yadda ba ta taɓa gani ba tun kafin rasuwar mahaifiyarta.

"Zo ki gani, Auta. Na lallashe ta."

Ta mayar da ƙofa ta rufe a hankali.

"Baba, me ka yi?"

"Wani sakarai ne ya saita madubi yana kallonta ido cikin ido. Kullum sai na gyara, kullum sai ya dawo ya ɓata. Ina jin Falwaya ne. Kada ki gaya masa, yaro ne, zai ji kunya."

Ta matso ta kama hannunsa ta sauke daga notin. Hannun da ɗumi. Ta sa nata yatsun ta murza a hankali har hasken ya koma cikin lezar, layin kan allo ya tarwatse, ya koma haukansa. Tana jin numfashin Baba a kafaɗarta.

"Auta," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Me ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba, Baba. Haka muke son ta. Rikicewar nan ita ce aikinmu. Daga cikinta muke ɗebo lambobi."

"Lambobi daga shirme?"

"Daga shirme. In ta natsu, ana iya sanin abin da za ta yi, mu kuwa ba ma son kowa ya sani."

Ya tsaya yana kallon allon, kamar maganar ta shiga. Har ta fara jin sanyi a ranta. Can ya girgiza kai.

"Kuka take yi. Ke ba kya ji, ni ina ji. Tun da na shigo ɗakin nan take kuka, kuna ta wucewa da kofin shayi a hannu. Ke ma haka kike da kina jaririya, in kin fara babu mai iya miki. Uwarki ta gaji ta miƙo min ke. Ni ban iya wuce abu yana kuka ba."

Ta zaunar da shi a kujerarsa, ta zuba masa shayi, ta gyara masa tabarau. Kafin ya sha rabin kofin ya manta an yi maganar. Ya tambaye ta ko an sayo abincin.

Da Dogo ya dawo ta ja shi waje, bakin matakala, ta gaya masa. Ya dafa kai.

"Ni da na kusa kai ƙarar direbobin tirela! Ashe Baba ne." Ya fara dariya, ya ga fuskarta, ya haɗiye. "To, ki bar shi a nan. An riga an ce noti ne, ni kuma an riga an wanke ni tas. Wankin bai kashe ni ba. Mu riƙa fita abinci ɗaya bayan ɗaya, shi ke nan."

"Lambobin fa?"

Dogo ya san abin da take nufi. Duk lokacin da lezar ta kwanta, akwatin bai tsaya ba, ya ci gaba da zuba lambobi a ma'aji, lambobi marasa ƙarfi da mai wayo zai iya bin sawunsu. Sun cakuɗe da masu kyau.

"Zan tace su," ya ce. "Na san lokutan da na tarar da ita a kwance."

"Ka san lokacin da ka tarar. Ka san lokacin da ya fara? Ka san ko akwai ranar da ya ɗan taɓa kawai, ba ta kwanta duka ba? Sannan a canja noti, a ce an gano matsala, alhali matsalar tana zaune a bakin ƙofa tana shan shayi." Ta waiwaya ta dubi ƙofar ɗakin gwaji. "Kuma ya sunkuya a gaban hasken nan, Dogo. In wata rana ya cire tabarau fa?"

"In kin faɗa, kin san abin da Manaja ya ce."

"Na sani. Ina wurin."

Ta tarar da Manaja a ofishinsa yana ɓare lemo a kan tsohuwar jarida. Ta faɗa masa a tsaye, ba ta yi kwana-kwana ba. Ya saurara har ta gama, ya ajiye lemon, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Duk abin da aka tara a makon nan a zubar," ya ce. "A fara daga farko. Zan kira mutanen banki in ba su haƙuri. Kuma a sa wa akwatin nan ƙararrawa, in lezar ta kwanta ya daina fitar da komai, ya yi ihu. Ki turo min Dogo, ina da haƙurin da zan ba shi." Ya ɗago ya dube ta. "Sauran maganar kuma, ba sai na maimaita ba."

"Ba sai ka maimaita ba, ranka ya daɗe."

"Ina son tsohon nan, kin sani. Shi kaɗai ne a ginin nan yake gaya min gaskiya game da wuyan rigata. Amma ba zan iya ba."

Washegari da safe Baba yana bakin ƙofa da takalmi a ƙafa, ya taje gemu, ya soke biro a aljihun gaba. Mai zama da shi ya riga ya iso, yana zaune a falo yana kallon ƙasa.

"Yau hutu ne, Baba," in ji Auta.

"Hutu?" Ya dubi jakar da ke kafaɗarta. "To ke ina za ki da jaka?"

"Zan leƙa ne in dawo."

"Mu leƙa tare. Falwaya ba zai iya shi kaɗai ba."

Ta ce masa motar ba ta da lafiya. Ya ce a buɗe ya duba. Ta rasa ƙaryar da za ta ƙara, sai ta durƙusa ta kwance masa igiyar takalmi. Bai hana ta ba. Ya tsaya yana kallon tsakiyar kanta, da ta gama ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗayar, kamar yaro. Tana jan ƙofa ta ji mai zama da shi ya murza makulli daga ciki.

Da yamma ta tarar da abincinsa a rufe yadda aka ajiye. Haka washegari. Kafin mako ya zagayo, kujera ta koma fuskantar bango. Yaya ya bugo waya ya ce dama ya faɗa, wurin aiki ba wurin jinya ba ne, a ƙara masa maganin cin abinci. Auta ta ce to. A ɗakin gwaji kuwa an sa sabon makulli, lezar tana ta haukanta babu mai damun ta, lambobi suna zuba masu kyau. Dogo ya daina barkwanci. Babu wanda ya ɗauke kujerar bakin ƙofa, kowa sai ya kewaye ta.

Ranar da aka gaji da kewayewa, aka ce Auta ta kai ta sito. Siton ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, mai taga ɗaya, cike da kwalaye da kayan da aka daina amfani da su. Tana neman inda za ta cusa kujerar, ta ja wani kwali, ta ga wata tsohuwar leza a ciki, doguwa kamar gorar ruwa, irin mai jan haske da ake koya wa ɗalibai aiki da ita. A gefenta ga madubai a naɗe cikin tsumma, ga wani tsohon allo mai ƙaton baya. Ta goge ƙura ta jona a wuta, ba ta sa rai ba. Wani ɗan jan ɗigo ya fito a bango, yana ɗan rawa.

Ta daɗe a tsugune tana kallonsa. Sannan ta tashi ta nufi ofishin Manaja.

Ya biyo ta har siton, hannu a aljihu. Ya dubi ɗigon, ya dubi kujerar, ya dube ta.

"Wannan tana makantarwa?"

"Ba ta da ƙarfi, ranka ya daɗe. Kuma da tabarau zai zauna."

"In ya fita ya kama titi fa?"

"Ƙofar nan tana kallon teburin mai gadi. Na yi magana da shi."

"Har kin yi magana da shi." Ya ja tsaki, amma ba na fushi ba. "Me zai riƙa yi a nan?"

"Abin da ya iya. Kullum da safe in riga shi shigowa in ɓata saitin, shi kuma ya gyara."

Manaja ya shafa haɓa. Ya fita baranda ya auna nisan siton da ɗakin gwaji da ido, ya dawo.

"Makullin ɗakin gwaji ki ba Dogo ya riƙe. Ke in za ki shiga, shi zai buɗe miki. Ba don ban yarda da ke ba. Don na san in tsohon nan ya ƙwanƙwasa, buɗewa za ki yi."

Ta zare makullin daga zobensa ta miƙa masa a wurin.

Ita da Dogo suka kwashe kwalaye, suka shigo da tebur, suka jera madubai yadda jan zaren hasken zai bi daga wannan zuwa wancan, ya ratsa ta wata 'yar huda, ya sauka a idon lantarki. Da aka kawo Baba, sai da ta riƙe masa hannu ya hau matakala, don ya rame. Ya tsaya a bakin ƙofa. Hasken yana dukan bango can gefe, allon yana ta tsalle.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Wa ya yi mata haka?"

"Mun rasa yadda za mu yi da ita, Baba," in ji Dogo. "Ta gagare mu."

"Ai dole ta gagare ku. Kauce, Falwaya."

Ranar sai da aka yi masa magana sau da yawa kafin ya ajiye aiki ya ci abinci, da ya zauna kuwa ya cinye har da na Auta. Da la'asar ya kira su su zo su gani. Layi ya miƙe sumul.

Aka ɗauki kwanaki a haka. Amma aikin da ya kai shi la'asar a ranar farko ya dawo yana ƙarewa kafin azahar. Daga baya ya zama kafin shayinsa ya huce. Auta ta leƙo da hantsi ta tarar ya gama, ya zauna hannu a cinya, idonsa ya fara komawa bango. Ta ƙara yawan notin da take murzawa, ta ƙara ƙarfin murzawar. Duk a banza. Hankalinta ya tashi, don ta san inda wannan zaman yake kai shi.

Wata safiya tana zuba masa shayi, ya yi magana bai ɗago ba.

"Mai ɓata min aikin nan, na san hannunsa."

"Wane ne, Baba?"

"Kullum da madubin kusa da ƙofa yake farawa. Kullum hagu yake murzawa. In ya ga ya yi hagu da yawa, sai kunya ta kama shi, ya je na ƙarshe ya yi dama, wai don kada a gane." Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau, idonsa tar, babu hazo ko kaɗan. "Tun kina ƙarama in kin ɓoye abu, wuri ɗaya kike kai shi. Uwarki ba ta ma tashi nema, aikena take yi in ɗauko."

Ta ajiye filas ɗin.

"Ka yi haƙuri, Baba. Na ga zaman gida ne ba ya..."

"Wa ya ce ki daina? Cewa na yi ki iya. In za ki ɓata wa mutum aiki, ki ɓata shi da kyau. Wannan ai raini ne."

Washegari ta yi iya ƙoƙarinta. Ta rufe ido ta miƙa hannu, ta fara da na tsakiya, ta murza yadda ta ga dama. Baba ya shigo ya dubi inda ɗigon ya faɗa a bango, ya yi murmushi.

"Yau kin ce bari ki fara da na tsakiya, tunda na ce kina farawa da na ƙofa."

Ya gama kafin ta kai ƙarshen baranda.

Ta samu Dogo a ɗakin gwaji tana huci. Ta ce ita dai ta rasa yadda za ta yi, duk abin da ta zaɓa sai mutumin nan ya riga ta, ko ta rufe ido hannunta yana da hali. Tana cikin magana idonta ya sauka a kan allo, inda zanen yake ta haukansa, lambobi suna gangarowa a gefe. Dogo ya bi idonta da kallo, ya fara washe baki.

"Kai, Injiniya. Wannan ai mugunta ce."

"Ɗebo min lambobin nan kaɗan."

Da safe suka shiga siton tare kafin a hawo da Baba daga mota, mai gadi yana taya shi hira a ƙasa. Dogo yana karanta lambobin daga wayarsa. Ta farko ta faɗi madubin da za a taɓa, ta biyu ta faɗi noti na sama ko na gefe, ta uku hagu ko dama, ta huɗu yawan murzawa. Auta tana bi. Sau da yawa hannunta ya so ya ƙi, don lambobin sun sa ta komawa kan madubi ɗaya a jere, sun bar wani ko taɓa shi ba a yi ba, wani kuma ɗan shafa kawai. Ita da kanta ba za ta taɓa yin haka ba. Ta daure ta bi.

Baba ya shigo, ya sa tabarau, ya dubi bango. Ya je madubin ƙofa ya taɓa, ya janye hannu. Ya je na tsakiya, ya tsaya. Ya zagaya tebur, ya sunkuya ya bi jan zaren da ido tun daga bakin lezar, ya miƙe ya riƙe ƙugu.

"A'a," ya ce. "Yau ba Auta ba ce. Wannan ba shi da kunya, ba shi da tausayi. Falwaya, kai ne?"

"Wallahi ba ni ba ne, Baba."

"Na sani, ba ka da wannan basirar." Ya naɗe hannun riga, ya jawo kujera da ƙafa ya matso da ita jikin tebur. Ya ɗora yatsu biyu a kan noti, ya kwantar da murya kamar mai magana da jariri. "Yi shiru, yi shiru. Ga ni nan. Za mu gano shi."

Auta tana tsaye a bakin ƙofa da filas a hannu.

"Baba, in zuba shayin?"

"Ajiye a nan. Kuma in za ki sayo abinci, ki sayo da yawa, yau zan daɗe." Ya ɗaga hannun hagu ya kore su, bai waiwayo ba. "Ku ja min ƙofa, kuna shigo min da iska."